Yini guda a gonakin Jos: Yawon ɗanɗano ba sai da giya ba

A wannan makon za mu ɗan bar kantin magani mu leƙa Jos, babban birnin Jihar Filato, domin akwai darasin lafiya a gonakinta da kasuwanninta.

A ƙasashen da ake noman inabi da yawa akwai wani irin yawon buɗe ido da ya shahara. A yankin Bordeaux na Faransa, da kwarin Napa na Kalifoniya a Amurka, da Stellenbosch a Afirka ta Kudu, baƙo kan kwashe yini guda yana zagaya gonaki. Kowace gona ya shiga sai a zuba masa giyar inabi 'yar kaɗan a kofi, a faɗa masa irin ƙasar da aka shuka inabin da shekarar da aka tsinke shi, daga nan a kawo masa abincin da aka noma a yankin. Akasarinmu addini ya raba mu da giya, waɗanda kuma addininsu bai hana ba, za mu ga abin da likitanci ya ce nan gaba. Sai dai idan aka ajiye giyar a gefe, akwai ɗabi'a mai kyau a cikin wannan yawo: mutum ya je inda aka noma abin da zai ci, ya tambayi abin da ke cikinsa, ya ci kaɗan, ya ci a natse. Wannan kuwa ba sai an yanki tikitin jirgi zuwa Turai ba. Na gwada shi a Jos cikin watan Janairu tare da yayata da ke aure a can, da 'ya'yanta biyu, da goggonmu mai fama da hawan jini da ciwon suga.

Abin da ya sa Jos ta fita daban

Jos tana kan tsauni ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabashinta ta haura mita 1,800. Wannan tudu shi ke kawo sanyin da aka san garin da shi. A watannin Disamba da Janairu awon zafi kan sauka kusa da digiri 10 da dare. Shi ya sa amfanin gonar da ba ya jure zafin Kano ko Sakkwato yake yin kyau a nan: dankalin Turawa, kabeji, karas, latas, koren wake, da kuma sitiroberi.

Akwai kuma tarihin haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙa a wannan yanki, suka tafi suka bar manyan ramuka da ruwa ya cika. Yau da yawa daga cikin masu noman rani da ruwan waɗannan ramuka suke ban-ruwa. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru da rani zai ga korayen fadamu a gefen tafkuna masu zurfi, ga tarin jar ƙasa a bayansu.

Safiya a gonar sitiroberi

Mun bar gida bayan sallar asuba kaɗan, kowa da rigar sanyi, muka bi ta Bukuru muka nufi Chaha da ke kusa da Vom a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Wannan ƙauye ya yi suna wajen noman sitiroberi, kuma lokacin sanyi ne kakarsa.

Wanda bai taɓa gani ba zai zaci bishiya ce. Ashe ɗan tsiro ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, an jera shi a kan kunya, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa su ruɓe. Furensa fari ne mai rawaya a tsakiya. Mata na duƙe da robobi suna tsinka tun raɓa ba ta bushe ba, ƙamshi kuwa tun daga bakin gona yake tarbar mutum. Dattijon da ke da gonar ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce da goggo, “Mama, ki zauna a nan, yara za su kawo miki.”

Ya ɗebo mana iri biyu, wanda ya yi ja har wuya da wanda samansa ke da sauran fari. Na farko zaƙi da ƙamshi, na biyu tsami ya fi yawa. Dalili shi ne sitiroberi ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne, idan aka tsinke shi zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Wanda ake kaiwa Abuja da Legas sau da yawa akan tsinke shi bai gama nuna ba don ya jure hanya. Saboda haka wanda ya ci a gona ya ci abin da mai saye a babban kanti ba zai samu ba. Wannan kuma shi ne ciwon kan manoman: idan babu firji, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya lalace, don haka ranar da kaya suka yi yawa dole su sayar a yadda dillali ya taya.

Kafin kowa ya kai baki na tambayi Baba yaushe ya yi feshi na ƙarshe. Tambaya ce da ta kamata, kuma manomin kirki ba ya jin haushinta. Kowane maganin ƙwari na gona akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin robarsa da za a jira bayan feshi kafin a tsinka. Sitiroberi ba shi da ɓawon da za a fere, yana kusa da ƙasa, ga taki ga ruwan ban-ruwa. Don haka mun zo da ruwanmu mai tsabta muka wanke shi sosai kafin a ci. Ba a sa sabulu ko omo, kuma ba a wanke wanda za a ajiye sai lokacin cinsa, domin danshi na saurin kawo masa fumfuna.

Ta fuskar gina jiki, giram 100 na sitiroberi, wato kamar cikin tafin hannu guda, na ɗauke da kimanin miligiram 59 na bitamin C, ya ɗan ɗara lemon zaƙi mai nauyi ɗaya. Sukarin da ke ciki kuwa bai wuce giram 5 ba. Shi ya sa goggo ta ci rabonta hankali kwance. Abin lura ɗaya shi ne wasu yara jikinsu ba ya karɓarsa. Idan yaro ya ci aka ga leɓe ya kumbura ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi, a dakatar. Idan numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa nan take.

Nono da yogot a Vom

Daga gona muka shiga Vom, garin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924. A nan aka daɗe ana haɗa alluran rigakafin cututtukan shanu da kaji, kuma yankin ya yi suna da kiwon shanun madara. Mun sayi yogot marar sukari muka yayyanka sauran sitiroberinmu a ciki. Yaran da suka saba da yogot mai zaƙi sun ɗan yamutsa fuska a cokalin farko, kafin a jima sun sheƙe kofunansu.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan kofin yogot da giyar inabi da ba kowa ya sani ba. A shekarun 1860 masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, yana neman hanyar hana giyar inabi lalacewa ne ya gano cewa ɗumama ta zuwa wani mataki na kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta. Daga baya aka ɗauki dabarar aka yi amfani da ita a kan madara, ta ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa. Ɗanyar madarar da ba a dafa ba na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu, da ta cutar da ke sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Idan za a sayi kindirmo ko nono a hanya, a tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, musamman idan mai juna biyu ko ƙaramin yaro zai sha.

Masu shan magani kuma su kula. Sinadarin kalsiyam da ke cikin madara yana riƙe magunguna irin su ciprofloxacin da tetracycline a cikin hanji ya hana su shiga jini yadda ya kamata, don haka a bar tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsu. Amma maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin artemether da lumefantrine, irin su Coartem, shi madara ko abinci mai maiƙo taimaka masa suke yi ya shiga jiki.

Gwate da acca a Bukuru

Da azahar muka tsaya a wani ƙaramin gidan abinci a Bukuru. Abincin da ya fi dacewa da baƙo a Filato shi ne gwate, fate-faten da ake yi da acca ko tsakin masara, a zuba yakuwa da alayyafo da gauta da sauran ganye, wani lokaci da ƙashi ko nama. Yana da ɗan tsami da ɗan ɗaci, yana da ruwa-ruwa, kuma a ranar sanyi babu abin da ya kai shi ɗumama ciki. Mutanen Birom da maƙwabtansu sun daɗe da riƙe acca a matsayin babban abincinsu.

A birane yanzu ana tallar acca a matsayin abincin masu ciwon suga, har wasu na ɗaukarta kamar magani. Acca hatsi ce mai kyau, ba ta da sinadarin alkama da ke damun cikin wasu mutane, kuma tana da sauƙin narkewa. Amma sitaci ce kamar sauran hatsi, idan aka cika kwano za ta ɗaga suga. Abin da ya sa gwate ya dace da mai ciwon suga shi ne ganyen ya fi hatsin yawa. Goggo ta ci madaidaicin kwano, ta bar tuwon acca da aka kawo daga baya.

Masu shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, su ma akwai nasu. Kabeji da alayyafo da latas na da bitamin K mai yawa, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a ce su daina cin ganye ba. Abin da ake so shi ne kada wanda bai saba ba ya zo Jos ya ga araha ya kwashe mako yana cin kwano-kwano.

Yaran kuwa soyayyen dankali suka nema. Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawa da ake ci a Najeriya, musamman a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma akwai tashar binciken dankali a Kuru. Idan za ku sayi buhu ku tafi da shi gida, ku ajiye shi a wuri mai duhu da iska. Dankalin da haske ya sa ya yi kore, ko ya fara tsiro, yana tara wata guba mai sa amai da gudawa da ciwon kai, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A yanke wurin da ya yi kore da kauri, idan koren ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar. Masu ciwon ƙoda da likita ya ce su rage sinadarin fotashiyam su yi hankali da dankali da tumatir.

Inabi a kasuwar Farin Gada

Da la'asar muka koma cikin gari muka shiga kasuwar Farin Gada, inda motoci ke lodin kayan gwari zuwa sassan ƙasar nan. Kabeji tsibi-tsibi, karas an wanke shi yana sheƙi, koren tattasai, kokwamba, ga masu dako na ta kai da kawowa suna neman hanya. A gefen masu kayan marmari muka tarar da inabi iri biyu: manya da aka shigo da su daga waje a cikin robobi, da ƙanana na gida. A Arewa ana noman inabi, kuma Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna ta yi fice a kansa. Mai kayan ya ce, “Hajiya, ɗanɗana kafin ki saya,” muka wanke muka gwada duka biyun. Na gida ya fi ɗan tsami kuma yana da ƙwallo, na waje zaƙi zalla.

Inabi ya ninka sitiroberi sau uku wajen sukari, kimanin giram 15 zuwa 16 a cikin giram 100. Busasshensa, wato zabibi, ya kai kusan giram 60. Mai ciwon suga zai iya cin 'yan ƙwayoyi bayan abinci, amma kada ya zauna da reshe guda a gaban talabijin. Ga iyaye mata kuma, inabi na daga cikin abubuwan da suka fi shaƙe ƙananan yara, domin girmansa daidai yake da maƙogwaronsu kuma yana da santsi. Duk yaron da bai kai shekara 5 ba a tsaga masa shi a tsaye gida biyu ko huɗu, a cire ƙwallon, kuma ya ci a zaune.

Akwai wani ruɗani na suna da nake yawan gamuwa da shi a wurin aiki. Babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da 'yan kasuwa ke kira giref ba inabi ba ne, ko da yake sunansu na Turanci ya yi kama. Shi wannan lemon yana hana hanji sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da ƙima. Daga ciki akwai nifedipine da felodipine na hawan jini, da simvastatin na rage kitse a jini, har da maganin zazzaɓin da na ambata ɗazu. A 1989 wasu masu bincike a Kanada suka gano haka ba da niyya ba, lokacin da suka yi amfani da ruwan lemon don ɓoye ɗanɗanon barasa a wani gwaji. Tasirinsa kan wuce yini guda, saboda haka ba da tazarar awa biyu ba ta wadatar. Goggo na shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, sai muka saya mata lemon zaƙi.

Kwalbar da aka kawo da dare

Da dare mijin yayata ya kai mu wani gidan abinci cin gasasshen kifi. Ma'aikacin ya kawo doguwar kwalba mai ƙyalli a wuya, irin wadda yanzu ta zama ruwan dare a bukukuwanmu, ya ce “wayin” ce marar giya. Na karɓa na juya bayanta na karanta.

Kwalabe masu wannan siffa iri uku ne. Akwai giyar inabi ta ainihi, mai barasa kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Akwai wadda aka fara yin ta giya sannan aka cire barasar, kuma a ƙasashe da yawa doka ta yarda a kira ta marar barasa ko da akwai ragowar da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Sai ta uku, matsattsen ruwan inabi da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Tamu irin ta uku ce. Wanda ke gudun barasa saboda addini, ko juna biyu, ko ciwon hanta, ya duba adadin barasar da aka rubuta, da jerin abubuwan da aka haɗa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, kada ya tsaya ga maganar mai sayarwa kawai.

Rashin barasa kuma bai sa ta zama ruwan sha ba. Kofi guda na ruwan inabi na ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali 8 zuwa 9. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce babban mutum kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in da hali ma 6, kuma sukarin ruwan 'ya'yan itace na cikin lissafin. Da aka matse inabi aka zubar da ɓawo da tuƙa, an zubar da abin da ke rage saurin shigar sukari jini. Kowannenmu ya sha rabin kofi, goggo ta kurɓa sau biyu ta koma kan ruwa.

Yadda ruwan inabi ke zama giya ba wani sirri ba ne. Akwai ƙwayoyin yis a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska, su ke cin sukari su fitar da barasa da gas. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da dabarar Pasteur ya dafa ruwan inabi don cocinsu ta samu wanda bai zama giya ba, daga nan sana'ar ruwan inabin kwalba ta samo asali. Wannan ya shafi uwargida kai tsaye, domin abin da ke faruwa da inabi shi ke faruwa da zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lemon da aka haɗa a gida idan suka kwana a zafi ba wuta. Idan roba ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, ko abin ya yi kumfa da warin tsami, ya fara juyawa, a zubar.

Saura maganar da ake yawan yi cewa jar giyar inabi na gyara zuciya. Ta bazu ne a farkon shekarun 1990, lokacin da aka lura Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa giyar ce dalili ba, kuma sinadarin da ake yabo a ɓawon inabi yake, ana samunsa ba tare da barasa ba. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 aka sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Hukuncin ɗaya ne ga kwalbar Faransa da ƙwaryar burkutu. Wanda ke sha ya sani cewa haɗa barasa da Flagyl na iya jawo amai da bugun zuciya, don haka a ƙaurace mata har kwana 2 bayan gama maganin. Tana kuma iya faɗar da sugan mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, tana ƙara wa hanta nauyi idan ta haɗu da farasitamol.

Ga masu niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. A tafi da rigunan sanyi da safa, mai asma kada ya bar abin shaƙarsa a gida, domin iska mai sanyi da ƙurar hunturu na tayar da ita. Komai sanyi kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. A riƙe hannun yara a kusa da ramukan kuza, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani. A zo da kula da ƙanƙara idan ana son kai sitiroberi gida tsaraba.

Sannan kowa ya san Filato ta sha fama da rikice-rikice, kuma wasu ƙauyukan har yanzu ba su gama samun natsuwa ba. Da ɗan gari akan ci gari: a tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin a fita, a tafi da wanda manoman suka sani, a dawo kafin magariba. A gonaki da kasuwa za ku ga Birom da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu suna ciniki da juna da harshen Hausa, kuma kuɗin da baƙo ya kashe a gona kai tsaye yake shiga hannun wanda ya yi wahalar noman.

Wanda bai samu zuwa ba, kayan Jos na iske shi a kasuwar garinsu. Ya tambayi daga ina aka kawo, ya wanke, ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, idan yana shan magani kullum ya tambayi likita ko masanin magunguna abin da bai kamata ya haɗa da shi ba. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a gonakin manomanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.